Ki Dawo Ɗakinki, Akiko

Zuwa ga surukata kuma 'yata, Akiko,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangiji, da fatan kin tashi lafiya a Sparkbrook. Ki gaida ƙawar taki da ta ba ki masauki. Na san sai mijinki ya fassara miki wannan, amma da Hausa na rubuta da gangan, don waɗanda suka yi maganarki da Hausa su karanta.

Ranar da mijinki ya kawo ki unguwarmu Moss Side, a nan ƙasar Turawa, daga Japan, kin sunkuya mini har na ji kunya. Shekara ba ta zagayo ba kin iya gaisuwarmu tsaf, daga ina kwana har yaya mutan gida, abin da 'ya'yanmu haifaffun nan suka kasa.

Sai ciwon nan ya zo, mai ɗaga mutum sama ya yi ta zuba ba barci, ya kuma sako shi ƙasa ya kasa tashi daga gado. Kin sha magani, ya lafa. Matan zumunta na cocinmu suka yi waƙar godiya, suka ce kin warke sarai. Ni da ke zaune da ke na san ya bar baya da ƙura. Ki ɗora tukunya ki manta, a yi miki magana ki bi ta rabi ta kuɓuce miki. Likita ya ce haka yake yi wa wasu ko bayan ya lafa, ba lalaci ba ne.

Ran Lahadin nan a bakin coci kika gaida Mama Saratu yadda na koya miki, kika ce, "Yaya Baba?" Alhali mijin nata ya rasu, da ke ma aka je jana'izarsa a Withington. Na ga fuskarki lokacin da abin ya faɗo miki. Kika yi ta sunkuyawa kina ba da haƙuri har hawaye.

Mama Saratu ta yi kuka, kuma tana da gaskiyarta. Sauran fa? Wai raini ne, wai dama baƙuwa ba ta san zafin mutuwarmu ba. Har da mai ba mijinki shawara ya maida ke ga iyayenki. Bakinsu ya sari ɗanyen kashi! Wadda ta fi kowa zaƙewa, tabaraunta na kan goshinta take nemansa, ba wanda ya ce a maida ita Kafanchan.

Kafin ki tafi gun ƙawarki, kin ce wa mijinki kin zama kaya a kanmu, gara ki koma ƙasarku. Raina ya ɓaci da wannan maganar. Wa ya ce miki mun gaji? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ɗan angon nawa, ɗanki, ya ƙi cin tuwona, wai sai shinkafar mamarsa, kullum yana leƙen taga.

Ran Asabar zan hau jirgin ƙasa in zo in ɗauke ki. Lahadi kuma a bencin gaba za mu zauna, mai magana ya zo ya same ni. In kin manta na ce zan zo, ba komai, ki dai buɗe ƙofa.

Ubangiji Ya riƙe miki abin da ya kuɓuce miki, Ya ba ki salama, Ya maido mana da ke lafiya. Amin.

Taki har kullum,
Mama Rifkatu