Jirgin da Ka Rataye a Ɗakin Otis

Zuwa ga mahaifina, Kofur Sani Direba, Allah ya kai haske kabarinka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da durƙuso irin wanda aka koya mini a gidanka, ina fatan kana cikin ni'ima da yalwar makwanci. Ni lafiyata ƙalau, sai dai gwiwa da ta fara ƙin hawan tudun Highbridge, inda nake zaune yanzu. Na san takardar nan ba hannunka za ta shiga ba, idon mutane za ta shiga. To, su karanta. Yau na girme ka da shekaru masu yawa, kunyar da zan ji ta ragu.

Ƙara na kawo, Baba. Kai nake ƙara, kuma wajenka na kawo ta.

Ka tuna lokacin da ofishin jakadanci ya kawo ka New York aikin tuƙi, can ƙarshen shekarun sittin. Inna ta zauna a Kano da ƙannena. Bayan shekara guda ka aika aka sako ni a jirgi, in zo in yi karatun jinya, in kuma riƙa dafa maka abinci. Da na ga ɗakinmu a hawa na uku, a bayan titin 125 na Harlem, daɗi ya kama ni. Na ce yau dai ga ni ga mahaifina, babu mai shiga tsakani.

Ni ce 'yar fari, don haka ba ka taɓa kiran sunana ba. "Ke," ko "yarinyar nan." A Kano abin bai dame ni ba, don haka kowane uba mai kunya yake yi, gidan kuma cike yake da masu kirana. Amma a New York mu biyu ne rak. In wasiƙa ta zo daga gida sai ka zauna kana karantawa a fili, kana cewa Ladidi ta yi kaza, Sabo ya yi kaza, kana murmushi. In ka gama sai ka ɗago ka ce, "Ke, a kawo ruwa." Ina kawowa, amma ina jin ciwo.

Sai Otis ya shigo.

A kan matattakala kuka haɗu, muna dawowa daga cefane. Tsoho dogo, baƙar fatar Amurka, mazaunin hawa na biyu, matarsa ta rasu, ba ɗa ba jika. Yana rungume da kwali mai hoton jirgin sama. Ka tsaya cak, ka ajiye jakar cefane, ka nuna hoton da yatsa ka ce Dakota ne. Shi kuma ya dube ka sama da ƙasa ya tambaye ka inda ka san shi. Da ka ce a yaƙin Burma, sai ya saki baki.

Ashe shi yana cikin waɗanda ke tsayawa a ƙofar jirgi suna tunkuɗo buhunan abinci da ƙafa. Kai kuma kana cikin sojojinmu da ke ƙasa a daji, kun shimfiɗa ƙyalle don a gan ku, kuna jira da yunwa. Babu wanda ya san ko daji ɗaya ne, ko ma shekara ɗaya ce. Ku dai kun yanke hukunci cewa buhunsa ka ci. Daga ranar ka sa masa suna Na Sama, ka koya masa ya riƙa ce maka Na Ƙasa. Ni kuwa ina tsaye a bayanku da ƙullin nama a hannu har ruwansa ya jiƙa mini takalmi, ko waiwayowa ba ka yi ba.

Tun daga nan Asabar ta daina zama tawa. Kana idar da azahar sai ka ɗauki tabarau ka sauka. Ku baje jaridu a teburinsa, ku zazzage 'yan guntayen roba na haɗa ƙaramin jirgi daga kwali, ga gam, ga reza, ga kwalaben fenti 'yan mitsi-mitsi. Hannun da na sani a kan sitiyari da carbi, shi ne yake riƙe da farfela da hantsaki kamar mai cire ƙaya. Kana dawowa da warin gam a babbar rigarka, ni ce mai wankewa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne dariyar. Bututun hita mai ɗumama gida ya ratsa ɗakinsa ya hau namu, duk abin da ake yi a ƙasa yana hawowa. Ina zaune da littafin ƙasusuwan jikin mutum sai in ji ka fashe da dariya, har da tari, da wannan Turancinka na bariki. Shekarata ashirin a duniya ban san kana da irin wannan dariyar ba. Ashe kana da ita, ajiye ta ka yi sai baƙo ya zo.

Kakan ce in kai muku abinci ƙasa. Bari in faɗa maka gaskiya yau: barkonon da ke cikin kwanon Otis ba kuskure ba ne. Cokali biyu nake ƙara masa a miyar kuɓewa, da gangan. Mutumin nan ya cinye tas, yana gumi yana share hanci, ya aiko a ƙara. Ko a nan ma shi ya ci riba.

Ranar tsofaffin sojoji, cikin sanyin Nuwamba, ni na goge lambobinka na soja da toka da lemon tsami har suka yi ƙyalli. Ni na goge maka riga. Amma da za a maƙala su a ƙirjinka, Otis ka miƙa wa. Na leƙa ta taga na ga kun nufi tashar jirgin ƙasa kafaɗa da kafaɗa, shi da hular soja, kai da zanna, kuna ƙoƙarin daidaita taku kamar samari. Kun yi kyau, ban musa ba. Na rufe tagar da ƙarfi.

Sau ɗaya kuka tafi da ni, ranar da ka ari mota muka je wani tsohon filin jirgi a bayan gari inda ake tayar da jiragen yaƙi na da. Shi a gaba kusa da kai, ni a baya da fulas ɗin shayi a cinya. Da Dakota na gaske ya taso ya bi ta kanmu, ƙasa-ƙasa, ƙararsa har cikin haƙori, sai na ga ka cire hula. Kai da ko a ɗaka ba ka zama kai ba hula. Hawaye na bin fuskarka, ka kai hannu ka dafa kafaɗar Otis. Ina tsaye taku biyu daga gare ka, Baba. Ni ma ina da kafaɗa.

A hanyar dawowa na yi ƙarfin hali na tambaye ka yadda yaƙin ya kasance. Ka dube ni ta madubi ka ce, "An je, an dawo." Rabona ke nan daga Burma. Shi kuwa yana da sunan kowane kogi da ka tsallake.

Wata huɗu kuka yi a kan wannan jirgin na roba, don kai ba ka yarda da aikin gaggawa, fiffike ɗaya sau uku ka sake masa fenti. Ranar da aka gama ka hawo da sauri, kana haki, ka tsaya a ƙofar ɗakin girki ka ce, "Ke, sauko ki ga jirgin." Na ce ina da karatu. Ka koma. Bayan la'asar ka sake hawowa ka sake faɗa. Na ce kaina ke ciwo. Ka ɗan tsaya kana murza yatsun da fenti ya ɓata, kamar za ka ƙara magana, sai ka juya. Ban taɓa jin ka roƙi mutum abu sau biyu ba sai ranar, kuma na ji daɗin hana ka.

Da na ji cewa ba ma gidanmu za a kawo jirgin ba, a silin ɗin Otis ka rataye shi da zare, sai na cika fam. Asabar ɗina na wata huɗu ga su can suna lilo a ɗakin wani. Na yi rantsuwa a zuciyata ba zan sake taka ɗakin ba. Na kuwa cika. Shekara biyu ina miƙa kwano daga bakin ƙofa, idona a ƙasa.

Yanzu ga inda ƙarar ta juyo kaina.

Da zuciyarka ta buga aka kwantar da kai a asibitin da nake koyon aiki, ni na je na gaya wa masu kula da ɗakin cewa dangi kaɗai za a bari su shiga. Dangi kuwa a garin nan ni ce. Otis ya zo kullum. Yakan zauna a benci a baranda da hularsa a gwiwa, in na wuce ya miƙe, in ce likita ya hana. Sau biyu ka buɗe ido ka tambaye ni, "Na Sama bai zo ba?" Sau biyu na ce bai zo ba. Bango ɗaya ne tsakaninku.

Kwana tara na same ka ni kaɗai, yadda na daɗe ina so. Na share maka fuska, na ba ka ruwa a cokali, ina ta jira. Na ce mutumin da ke bakin tafiya ai zai ajiye kunya, ko sau ɗaya. A rana ta tara ka riƙe hannuna ka ce, "Allah ya yi miki albarka." Babu suna. Na ce amin, ina kuka, kuma Allah ya sani rabin kukan na haushi ne.

Da za a kai ka makwanci, mata ba sa zuwa, na zauna a gida da matan ma'aikatan ofis. Otis ya bi maza. An ce ya tsaya nesa kaɗan, ya ƙame, ya sara maka. Ko ƙasar kabarinka shi ya gani, ban gani ba.

Bayan sadakar bakwai, da hantsi, ya ƙwanƙwasa ƙofa. Yana ɗauke da abu a naɗe cikin tawul. Bai yi mini maganar baranda ba, ranar ko daga baya, alhali ya sani. Ya ajiye a teburin cin abincinmu, ya warware, ya juyo hancin jirgin ya fuskance ni.

Ƙarƙashin tagar matuƙi, da farin fenti, da ajami, da rubutun hannunka wanda na sani a ambulan ɗin wasiƙun Inna, ga sunana.

Otis ya ce a yaƙi haka ma'aikatan jirgi suke yi, sukan rubuta sunan wadda suke so su dawo su tarar. Shi ya rubuta na matarsa a wancan gefen, ya miƙa maka buroshi. Ya ce ka daɗe kana riƙe da shi kafin ka rubuta. Sannan ka ce ba za ka iya rataye shi a gidanka ba, mutanen gida suna zuwa gaisuwa, za su ce Kofur ya zo Amurka ya zubar da kunya. Ka ce a bar shi a ƙasa, za ka kira ni in sauko in gani da idona, ba sai ka ce komai ba. Matattakala goma sha huɗu ce, Baba. Na ƙirga daga baya.

Sai ya ce kowace Asabar, kafin ku taɓa gam, labarina kake fara ba shi. Hajara ta ci jarrabawa. Hajara ta iya tuƙa tuwo da garin Turawa. Hajara tana fushi da mu. Da ya faɗi sunan sai na ɗago na dube shi. Ba yadda Turawan asibiti suke murɗe shi ya faɗa ba. Ya faɗe shi daidai, da jan nan na Kano, da wata 'yar saukar murya a ƙarshe wadda ba tasa ba ce. Muryarka ce a bakinsa. Na ce ya sake faɗa. Ya sake. Na ce ya ƙara.

Daga makon nan ni na gaji Asabar. Shekara shida ina sauka da kwano, ba barkono, ina zama a kujerarka, yana ba ni labarinka kaɗan-kaɗan: kogunan, yunwar, abokin da ka binne da hannunka. Da ya kwanta ciwon ajali ni na yi jinyarsa, kuma ban hana kowa shiga ba.

Amma kada ka ɗauka kishin ya tafi. Jirgin yana nan rataye a falona, fentin ya dushe, farfela ɗaya ta karye. Duk sanda na ɗaga kai nakan tuna cewa wani bawan Allah ya ji sunana a bakinka ya fi sau ɗari, ni kuwa aro na samu. Ina jin haushinka da ka yi shiru. Ina jin haushin kaina da ban sauka ba. Sai dai kai kunya ce ta hana ka, ni kuwa ba ni da abin da zan kare kaina da shi. Ka yafe mini ƙaryar nan guda biyu, Baba. Ya zo. Kullum yana zuwa.

Allah ya gafarta maka, ya sa aljanna ce makomarka, kai da Inna da duk waɗanda suka je ba su dawo ba. Allah ya saka wa maƙwabcinmu da alherin da ya yi mana. In Allah ya haɗa mu a inda babu sauran kunya, ba na roƙonka labarin Burma, na riga na samu. Ka dai kira ni, sau ɗaya, da bakinka. Ko daga hawa na nawa ne, a guje zan sauko.

Wassalam.

'Yarka ta fari,
Hajara