Ruwan Zafin da Nake Aiken Dogo

Shekara arba'in da uku ke nan da daminar da ruwa ya cinye gada, kuma a daminar nan na fara tausa. Yau ina cikin hankalina sarai, na san kowa da kowa, ko ɗazu sai da na yi wa mai gyaran famfo faɗa. Ƙirjina ne dai yake gaya mini tafiya ta matso. Autata ke rubutawa, don ni ban san ko alif ba, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini baki. Ku saurara da kyau, yau raina fes yake, zan sauke abin da na daɗe ina dakonsa.

Na ɗaya. Gida da abin da ke ciki, a raba yadda Allah ya ce. Bencin tausa ne ban yarda a raba ba, ban yarda a sayar ba. Na 'ya'yana Dogo da Likita ne, su biyu. Na san wata huɗu ke nan ba ku gaisawa. Ku bi ni a hankali.

Na biyu. Dogo, babban ɗana, shekara ashirin kana tsaye a gefena a shago. Ka tuna duk sanda na ɗora dunduniyar mutum a kafaɗata sai in ce ka je ka kawo ruwan zafi na tawul? Ba ruwan nake so ba. Korarka nake yi. Kafin ka dawo ƙafar ta miƙe sama, kai kuma ka ɗauka ƙarfin damtsena ne.

Ga abin da ke faruwa bayan fitarka. Da gada ta tafi, 'yan dako ne suka riƙa hawa gangare da buhuna a ka, har naman bayan cinyarsu ya ɗaure, mutum lafiyarsa ƙalau amma ba ya iya sunkuyawa ya ɗaura takalmi. Wata rana na kwantar da wani ƙato rigingine, ina danna ƙafarsa sama da ƙarfi kamar yadda kake yi yanzu. Haushi ya kama shi, ya tokare kafaɗata da dunduniya, muka yi ta turereniya. Da ya gaji ya saki numfashi, sai ƙafar ta wuce inda ta tsaya da kusan taƙi guda, ba tare da na matsa ba. Wallahi ranar har rawa na taka a cikin shago.

To haka ake yi. Ka fara ɗumama wurin da tawul, ka shafa mai, ka bi naman da gindin tafin hannu daga bayan gwiwa zuwa ƙashin zama, a hankali, kada ka danna ramin gwiwa. Sannan ka ɗaga ƙafar har inda ya ce ya ji ja, ka tsaya nan. Ka ce ya tura kafaɗarka da rabin ƙarfinsa, ka ƙirga goma. Ya saki, ya fitar da numfashi, ka bi ƙafar inda ta ba ka hanya. Sau uku ya isa. Naman nan ba ya sakuwa da dole, sai ya yi aiki ya gaji tukuna.

Na ɓoye maka ne don ina tsoron ka iya ka daina buƙatata. Ka yafe mini.

Na uku. Likita, kai da ka karanta aikin gashi a asibiti, ranar da wani tela ya tashi daga hannun yayanka yana ɗingishi, ka tsaya a bainar jama'a ka ce aikinsa murɗiya ce. Gaskiya ka faɗa, amma wurin da ka faɗe ta bai dace ba, kuma mai laifin yana zaune a kujera yana jin ku. Ni ne. Ka je ka gaishe shi, kai ne ƙarami.

Shekaranjiya Auta ta buɗe mini littafin da ka manta a ɗakina, sai ga hoton mutum kwance da dunduniya a kafaɗar wani. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Ashe abin da nake ɓoyo masu boko sun zana shi da launi. Har yanzu dai ina nan a kan bakana, ni na riga su, kuma ɗan dakon nan ne malamina. Amma hannun mutumin hoton bai zauna daidai a gwiwa ba. Wannan Dogo ya fi littafinka sani, yatsunsa suna jin ƙulli tun kafin mai jiki ya nuna. Ka koya a wurinsa.

Na huɗu, ku duka. Mu masu lafiya muke wa aiki: direba, tela, mai gudun safe, mai zaman ofis. Wanda ya zo da kumburi, ko jini ya kwanta, ko ya ce zafin na sauka kamar wuta har yatsun ƙafa, kada ku taɓa shi. Likita ya duba, a tura shi asibiti. Ni na yi shekaru ina gardama a kan wannan, yau na sauka.

Na biyar. Kwalbar mai ta ƙarfe da tsohon tawul mai bakin shuɗi na Auta ne, mahaifiyarku ce ta yi masa kalmasa. Auta ce kuma alƙaliyarku. In ta ji kun sake kwana da gaba, ta sa wa shagon kwaɗo.

Allah ya yi muku albarka, ya sa waraka a hannuwanku, ya haɗa kanku ina raye da bayan raina. Ku riƙe juna, ku riƙe ƙanwarku.

Gobe da hantsi Auta za ta riƙe ni zuwa shago, in hau bencin nan in kwanta, abin da ban taɓa yi ba. Dogo ya ɗauki ƙafar dama, Likita ya ɗauki ta hagu. Zan tura, ku ƙirga, kuma ba zan sauko ba sai kowa ya gyara wa ɗan'uwansa hannu. Ruwan zafi kuwa tun da sassafe zan sa a kawo, babu wanda za a aika.