Da Wane Hannu Kake Jifa

Alhamis, 4 ga Yuni, 2020
Mako uku na zo yi wurin ɗana Abdulnasir a Setapak, can ƙasar waje, ga shi ina wata na huɗu. Korona ta tsare jirage. Bene na goma sha ɗaya, mutumin da aka haifa a bakin ruwan Yawuri.

Yau na yi abin da ya tsaya min a rai. Jikata Khaulah, shekararta bakwai, tana aikin makaranta da hagu. Sau uku ina mayar mata da fensir dama. Na huɗu na buge hannun. Ba da ƙarfi ba. Ba ta yi kuka ba, ta dai kwashe littattafanta ta shige ɗaki. Uwarta Sauda ta ce, "Baba, ai abinci da dama take ci." Na ce a gidanmu ba a bahago.

Litinin, 8 ga Yuni
Amaryar tawa ta yi yaji. Da, ita ke kawo min shayi tana "Atuk, makan!", wato "Kaka, ci abinci!" da yaren ƙasar nan. Yanzu daga bakin ƙofa take gaishe ni, hannu a baya.

Asabar, 13 ga Yuni
An sassauta dokar kulle. Abdulnasir ya gaji da ganina a taga, ya ce akwai tafkunan da ake shiga a yi fatsa, ya kai ni kedai, wato shago, na kayan kamun kifi. Aka auna mana zafi a goshi, muka rubuta suna a ƙofa.

Ni da na san gora da zare da ƙugiya, sai ga ƙananan injina na naɗe zare jere a gilashi kamar agoguna. Mai shagon, wani dattijo ɗan Sin, ya ce akwai na masu koyo, akwai kuma wanda ke zama a bisa sanda, kai ne birkinsa: in ka jefa, babban yatsanka zai taushe zaren kafin ya sauka. Na ce wannan nake so, ban zo duniya jiya ba. Sai ya tambaya, Abdulnasir na fassarawa: "Da wane hannu kake jifa?" Domin mariƙin naɗi a ɗaya ɓangaren zai kasance.

Na ce dama. Har da ɗaga murya, ban san dalili ba.

Talata, 16 ga Yuni
Ina gwaji a dogon barandar bene, dalma a bakin zare, bokitin wankin Sauda a can ƙarshe. Jifa goma, cukurkuɗewa goma. Yatsan damata ko ya riga ko ya makara. Zaren ya tashi buzu-buzu kamar gemun Bala mai kwalekwalen garinmu. Tun hantsi har azahar ina tsifa da tsinken sakace.

Laraba, 17 ga Yuni
Haka.

Juma'a, 19 ga Yuni
Babu masallaci, sai na koma ga bokitina. Da na duba babu kowa, na mayar da sandar hagu. Don wasa kawai.

Ƙwal! Cikin bokiti. Na sake. Ƙwal! Yatsan ya san lokacin da kansa, kamar jiya ya bar aiki. Sai dai mariƙin ya koma inda dama ba ta kai masa.

Na zauna a kan matakala. Gwaggo Daso ce ta faɗo min, Allah ya jiƙanta. Damina guda tana ɗaure min hannun nan a ƙugu da tsumma, tana cewa don kada a yi min dariya ne. Sai a tsakiyar ruwa, inda babu ido, nake jefa birgi, ragar kamun kifi, da shi. Na girma na yi hedimasta shekara ashirin. Hannuwa nawa na buge? Ban taɓa faɗa wa ko uwar Abdulnasir ba.

Da na ɗago, Khaulah na leƙe ta ƙofa. Ta dubi hannun, ta dube ni. Ta ce, "Atuk, kai ma?" Na ce iska ce ta canza. A baranda.

Asabar, 20 ga Yuni
Na ce wa Abdulnasir injin nan yana da matsala, mu koma. A mota ya ce, "Baba, wace irin matsala zan ce masa?" Na ce ya tuƙa motarsa.

Ban bari ya fassara ba. Na ajiye injin a kan gilashi, na ɗaga hannun hagu. Mai shagon ya ce, "Boleh, lah," wato ba matsala, ya miƙo ɗan'uwansa mai mariƙi a dama, kamar wanda aka ce ya canza takalmi. Shi ke nan. Shekara sittin da huɗu ina ɓoye hannun nan.

Abdulnasir ya ja mota muka nufi gida. Gyaran takunkumi ya yi ta yi, alhali a daidai yake.

Lahadi, 28 ga Yuni
Mun je tafki da safe. Ban kama komai ba, kifin nan ba ya jin Hausa. Khaulah ta jefa sau biyu, yatsana a kan nata. Ta cukurkuɗe ɗaya, muka tsefe tare.

Yanzu tana nan gefena a tabarma, da hagu take zana kifin da ya tsere, ta ƙara masa tsawo. Na matsa mata wuri. Gwiwar hannunta ce ke zungurina, ba wani abu ba.