Inna a Tantin Turkawa

Garoua, Janairu 1974

Allah ya gafarta Malam Goni,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya a Makka. Jirgin alhazai ya sauka, na rufe teburin nama na je tarye, kowa ya rungumi nasa, ban ga Inna ba. Alhaji Uba da suka tafi tare ya ce tun wajen jifa a Mina ta ɓace musu, kai kuma ka tsaya nemanta. Malam, ba ta jin Larabci, ko faranse ba ta ji, ga ciwon gwiwa. Maƙwabciyarmu Léontine kullum sai ta leƙo tambaya, na rasa abin ce mata. In ma rasuwa ce, ka faɗa mini, zan iya ɗauka.

Ɗanka,
Lukmanu

Makka, Fabrairu 1974

Ɗana Lukmanu,

Aminci ya tabbata gare ka. Kwantar da hankalinka, ga Innarka Hajiya Safiyatu kusa da ni tana shan shayi, tana gyara mini rubutu da baki.

Na zaga lopital-lopital, ban bar asibiti ko ɗaya ba, har inda ake ajiye gawa na shiga. Ashe tana hannun alhazan Turkiyya. Ga yadda ta ba ni labari: turereniya ta raba ta da mutanenmu, takalmi ya tsinke, ta yi ta ratsa tantuna ana kora ta da hannu. Can wata tsohuwa da ke wanke kofuna a bakin tanti ta ɗago ta ce, "Merhaba." Innarka ta ji "maraba" sak, ta ce, "Yauwa, 'yar'uwa!" Ta shige ta zauna bisa shimfiɗar mutane, zazzaɓi ya kayar da ita.

Na tambayi limaminsu, ya yi dariya. Ya ce su da wannan kalma suke gaida kowa, ko a hanya, kamar sannunmu. Matar gaisuwa kawai ta yi. Amma ni da shi mun san asalinta: daga Larabci suka aro "marhaban", inda mu ma muka samo maraba, tushenta kuwa yalwa, wato wuri ya ishe ka, ba ka matse kowa ba. Matar ba ta san wannan ba. Ta dai naɗe kayanta ta matsa. Ita ta yi ta shafa wa Innarka ruwa, tana ɗura mata miya da cokali, ta tafi da ita masaukinsu a Makka. A bakin Harami na gan su, ta riƙe mata hannu.

Za mu taso da jirgin da ke biye.

Goni

Garoua, Maris 1974

Malam,

Barka da komawa Kolofata. Useko, na gode, Allah ya saka da Aljanna. Inna ta murmure, har faɗa ta soma. Ta sa na yi kilishi mai kyau, wai a kai wa ƙawarta Baturkiya. Don Allah ka aiko mini sunan matar da garinsu.

Lukmanu

Kolofata, Afrilu 1974

Ɗana,

Ban sani ba. Motocinsu sun tashi washegari da asuba, ban yi dabarar tambaya ba. Na tambayi Innarka a jirgi, ta ce ba su taɓa jin maganar juna ba, balle suna. Ku ci kilishin da Léontine, ku sa matar a addu'a. Wanda ake roƙo ya san ta.

Ka gaida Hajiya.

Goni