A Mayar Mini da Garin Buji da Taransifomar Matata

Zuwa ga Kamarad shugaban biro, wato ofishi, mai duba sana'o'in hannu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, sunana Sani Ɗan Gaya, mai naɗin bobin, wato wayar cikin kayan lantarki, da gyaran fanka a Zongo. Na yi ta zarya zuwa biro ɗinka ban samu ganinka ba, shi ya sa na rubuta a fili.

Na farko, ga abin da nake yi. Rezin, wato ƙaron da muke zubawa a kan wayar taransifoma, yana tsare ta daga raɓa da gishirin teku, amma yana riƙe zafi kamar bargo, sai wayar ta dahu daga ciki ta ƙone. Wata rana ina zaune bakin ruwa a kasuwar Dantokpa da tsakar rana, na ɗora hannu a kan ƙarfen amalanke, na ɗora a kan bokitin roba, na daɗe ina tunanin yadda zafi yake gudu a cikin wani abu, ya maƙale a cikin wani. Na ce a raina, me zai hana a buɗe masa hanya a cikin rezin? Na fara da baƙin sandan cikin batir, na daka na gauraya. Zafi ya fita, amma wutar lantarki ma ta biyo shi, har ta fizge ni. Sai na koma ga farin tangaran ɗin jikin buji, wato fulogin mota, wanda makanikai ke zubarwa. Shi yana barin zafi ya wuce, ya tare wuta. Na daka shi, na zuba rezin mai farin garin a kan waya, mai baƙin kuma daga waje.

Na biyu, abin da ya same ni. Kafin azumi ma'aikatanka biyu suka shigo shagona, suka ga baƙin gari a kwalabe, ɗaya ya ce albarushi ne. Na roƙe su su kyasta masa ashana su gani, suka ƙi. Ban zarge su da mugunta ba, lokaci ne da kowa ke tsoron maƙiyan juyin-juya-hali. Amma sun kwashe kwalaben, har da na garin buji, da turmin ƙarfe, da taransifomar da na fara gwadawa, suka ce za a bincika a kira ni. An yi ƙaramar salla, an yi babba, shiru.

Wannan taransifoma, Kamarad, ta firigo, wato firiji, na matata Rabi ce, ita ke daidaita masa wuta. Rabi ƙanƙara da zoɓo take sayarwa, da su muke cin abinci idan shago ya yi sanyi. Ita ta yarda na yi gwaji da kayanta, ta ce in ya ƙone ma ba komai, ai tare muke mafarkin. Yanzu zannuwanta take ajiyewa a cikin firigon.

Na uku, ban ce na gano wani babban abu ba. Da tafin hannu kawai nake auna zafin. In garin ya yi yawa, rezin yana tsagewa, kuma ban san iyakarsa ba. Sai dai wani lokaci ina kallon rufin kwanon Zongo yana rawa a cikin rana, in ga kamar kowane ɗaki da fanka tana juyawa a hankali ba ta ƙonewa, masunta a Placodji suna kwana da kifinsu bai lalace ba, jarirai suna barcin rana ba kuka. Rediyo kullum tana cewa mu ƙera abin kanmu. Ni na ɗauka da ni ake.

Roƙona shi ne a mayar mini da kayana, taransifomar tukuna. A rubuta mini takarda cewa ba albarushi nake haɗawa ba, don maƙwabta sun fara janye 'ya'yansu daga ƙofar shagona. Sannan in akwai malamin makarantar fasaha mai na'urar auna zafi, a bar shi ya duba aikin. Ko ce mini ya yi ba zai yiwu ba, zan gode masa, muddin ya zauna ya faɗa mini dalili.

Allah ya yi maka jagora, ya sanyaya maka zuciya, ya raya maka zuri'a.

Wassalam.

Sani Ɗan Gaya,
Zongo, Cotonou.