Gasarar da Inna Ta Tsiyaye

Zuwa ga Yaya Zulaihat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya ke da maigida da yara a can Fatakwal. Allah ya ƙara lafiya, ya sauke ki lafiya. Mu nan Haɗejiya sai godiya, ko da yake ruwa ya ci gidan surukata Inna a wajen Baturiya, yanzu tana wurinmu.

Yaya, kin san maigidana Malam ya yi mini alkawari in ya gama bincikensa zai kawo ni in zauna miki jego. Aikin kuwa na wata farar hoda ce, boron naitirayid, wadda ba ta shiri da ruwa. Sai an niƙa ta da takin yuriya a wani inji a Kano, ta zama ɓarɓashi siraran da ido ba ya gani, sannan ta yarda ta bi ruwa. Da wannan ruwan zai yi abin tacewa mai kaurin ɓawon albasa, da wani soso da ya ce ko fure zai iya ɗaukarsa don rashin nauyi. Ni dai na saurara, ina tuna mazan littattafaina da ke kawo wa matansu turare, nawa kuwa warin taki.

Da ambaliya ta shiga ɗakin gwajinsu, sai ya kawo robar ruwan hodar gida ya ajiye a zaure. Ranar Talata ina ɗaki ina karatu, Inna ta gan ta fara sol, ta ɗauka gasara ce na bari za ta yi tsami. Ta tsiyaye ruwan sama a kwata, ta adana na ƙasan. Ashe ruwan saman shi ne aikin, na ƙasan dusa ce.

Da ya dawo ta nuna masa tana murna, har da faɗan wai matan yanzu ba su san tattali ba. Ya daɗe yana kallon kwatar, sannan ya ce, "Sannu da aiki, Inna." Har yau bai gaya mata ba, ni ma ya hana ni.

Dole ya sake niƙa wata, layin injin kuwa ba zai zo kansa ba sai bayan Babbar Salla. Na gaji, Yaya, shi ma ya rame, ba zan iya barinsa da Inna su kaɗai ba. Ki nemi Auta ta zo miki, kada ki yanka mini ankon suna.

Ki gaida Baban Usman, da Usman, da Ja'afaru.

Ƙanwarki,
Aziza