Gatsen Auta Ya Iso Ƙofar Gida

Zuwa ga Yayana,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara rufa asiri. Inna tana nan da sauƙi, sai ciwon gwiwar nan da ka sani.

Yaya, hankalina a tashe yake, kuma a kan Auta ne. Ka san shekara biyu ke nan yana tara kwalayen sabulu, gwangwanayen madara da murafen kwalba a ɗakin baya, har Inna tana tsokanarsa wai ta haifi sarkin bola. To, da tarkacen nan ya gina birni a kan faffaɗan katako, aka kai zauren baje kolin masu zane. Birnin babu tsakar gida, babu inuwar zama, kanti ne guda ɗaya dogo daga farko har ƙarshe, mutane suna kwana a kan kanta kamar kayan sayarwa. Ya sa masa suna Aljannar Masu Saye. Gatse yake yi, ai ka san bakinsa. Kuskurensa ɗaya, a kan taswirar unguwarmu ya ɗora shi, har da kwanar mai gyaran keke.

Wani mai manyan gine-gine ya je kallo, shi kuwa bai san gatse ba. Ya riƙe hannun Auta, wai abin da ya daɗe yana mafarki ke nan. Auta ya rantse masa gargaɗi ne, mutumin ya yi dariya, ya ce masu fasaha akwai tawali'u, ya ɗauki hotuna ya tafi. Shekaranjiya sai ga mutum uku da igiyar awo a layinmu. Suka auna har bakin ƙofa, suka shafa jan fenti a katangarmu. Na ce wa Inna masu gyaran kwata ne. Wallahi tsoro nake ji, Auta kuwa ko abinci ya kasa ci.

Jiya na je na ga birnin da idona. Na bi layinmu da yatsa, na wuce kwanar, na iso daidai ɗakin Inna. Wurin ajiye motoci ne, Yaya. Don Allah ka zo, kai ne babba, ni ba zan iya gaya mata ba.

Ka gaishe min da matarka da 'Yan Biyu. Inna ma tana gaishe ku. Ta ce idan ka zo ka taya ta zaɓen fentin da za a rufe jan nan da shi, wai ya ɓata mata katanga.

Ƙanwarka.